Ku Tambayi Kawu: Mi Ya Sa Ake Ce Ma Maradi Birnin Kasuwa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo da yawansu a kan garin ga namu ne, Maradi, to sai na ce bari in tsamo guda huɗu in amsa su tare tunda duk igiya guda ta ɗaure su. Waɗanda suka aiko tambaya kan rabon gado da maganar sadaki ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Ta farko daga wani ɗalibi a Kano:

"Salam Kawu. Babana ya samar min gurbi a wata jami'a a Maradi, zan taho bayan sallah. Na duba taswira na ga garin ko kusa bai kai Kano ba, amma ana ta cewa shi ne cibiyar kasuwancin Nijar, ta yaya haka? Sannan na ji ana kiran sarkinku Sarkin Katsina, to ba a Najeriya Katsina take ba?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya kawo ka lahiya ya ba da sa'ar karatu. Tambayoyinka biyu ne amma wallahi amsarsu guda ce, kuma bari in faro daga ta sarki don ita ce tushe.

Lokacin jihadin Shehu Usmanu, wajen 1807, birnin Katsina ya faɗa hannun mutanen Shehu, Ummarun Dallaje ya zama sarki a can. Gidan sarautar da aka tarar bai ƙare ba, arewa suka yi, suka ɗan zauna ƙasar Damagaram, daga baya wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zo ya kafa kujerarshi a bakin gulbin nan. Shi a wurinshi ba sabuwar sarauta ya kafa ba, Sarkin Katsina ne da ya bar gida shina jiran ranar komawa, shi ya sa har gobe sunan sarautar Sarkin Katsinan Maradi, kuma mu mutanen gari in ka tambayi tsoho asalinshi ce maka zai yi Bakatsine ne. Gobirawa ma haka ta same su, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maradi Rauda suka rasu, sai suka kafa Tsibiri nan kusa da mu, tahiyar 'yan mintoci ce a mashin, Sarkin Gobir na can. Ka ga kenan manyan kujeru biyu na ƙasar Hausa suna zaune maƙwabta a gulbi guda. In ka ji makaɗa na ambaton Ɗan Baskore, sarkinmu ne da ya daɗe shina kai yaƙi ƙasar Katsina, in ka ji 'yan ƙwallo na cewa Ɗan Kasawa to kulob ɗin garin ne aka sa ma sunan wanda ya kafa shi.

Sai Turawa suka zo, Faransa da Ingila suka zauna can ƙasarsu tsakanin 1904 da 1906 suka ja layi, Katsina ta faɗa ma Ingilishi mu muka faɗa ma Faransi. Layin ga shi ne ya raba wa da ƙane, kuma shi ne dai ya zama gonar Maradi, yanzu za ka gane abin da nike nufi.

Daga nan zuwa Ɗan Isa, inda duwan ɗinmu take, wato kwastan, bai wuce kilomita 50 ba, ka ƙetare sai Jibiya, sai Katsina, sai garinku Kano. Yamai kuwa, babban birnin ƙasarmu, sai ka share fiye da kilomita 600 kan gudro, wato kwalta. To kai ka faɗa mini, ɗan kasuwar da ya tashi da asuba, ina zai fuskanta? Kano ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba, harshe guda, dangi guda, surukai guda, amma kuɗɗi biyu da doka biyu, nan sefa can naira, abin da aka hana shigowa da shi can an halatta shi nan, abin da ke da araha can yana da tsada nan. Duk inda aka samu irin wannan bambanci a tsakanin mutanen da suka yarda da juna to kasuwa ta samu wurin zama.

Amma da gyaɗa aka fara. Zamanin Faransi kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna nan suna sayen gyaɗa, su ba su san ƙauye ba, sai suka riƙa ba 'yan gari kuɗɗi su shiga ƙauyuka su auno musu, daga nan mutanenmu suka koyi juya jari. A 1945 gulbi ya yi wata irin cika ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama, aka tayar da mutane aka maido su kan tudu aka yanka musu kare-kare, wato filayen gina gida, shi ya sa in ka zo za ka ga titunan cikin gari a miƙe suke kamar an ja da igiya, kuma unguwanni suka hau tudu da sunayensu na da, su Bagalam, Mokoyo, 'Yandaka, Limanci, Maradawa, Ɗan Gulbi. Bayan samun 'yanci a 1960 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 ta riƙe cinikin gyaɗa, 'yan kasuwarmu suka zama su ne masu auno mata. Fari na 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya suka karya gyaɗa, amma kafin nan Alhazai sun riga sun gano wata hanya. Yaƙin Biyafara daga 1967 zuwa 1970 ya rikita hanyoyin kudancin Najeriya, bayan shi kuma kuɗɗin man fetur ya cika hannun 'yan Najeriya ga gwamnatinsu ta hana shigo da kaya iri-iri, to sai ya zama ana sauke kaya a tashar ruwa ta Kwatano a ƙasar Benin, atamfa da shadda da taba da shinkafa da gwanjo, a bi da su ta Gaya da Doso da Ƙonni a sauke a manyan sito na Maradi, daga nan su san hanyar da za su bi su shiga Najeriya. Abin da ake kira taranzit kenan. Da shi aka gina benayen da za ka gani da masallatan unguwa da jerin manyan motoci, kuma da shi kalmar Alhazan Maradi ta zama suna da kowa ya sani a Nijar.

Maganar girma kuma, gaskiyarka, ƙidayar 2012 ta ba birnin mutum dubu 267 da 'yan kai, yanzu ya ƙaru sosai amma ko yau Kano ta ninka mu sau da yawa. Sai dai jihar Maradi gaba ɗaya a wannan ƙidayar ta haura miliyan 3 da dubu 400, a ɗan hili da bai kai ko kashi 4 cikin 100 na faɗin Nijar ba, babu jihar da mutane suka cunkushe irin tamu in ka cire Yamai. Duk mutanen ga, daga Dakoro da Barmo a arewa, Mayahi, Tasawa, Agiye, Gazawa, Gidan Runji, Madarunfa, nan suke kawo abin da suka noma nan suke sayen abin da ba su nomawa. Kada ka auna garin da yawan gidajenshi ɗana, ka tsaya bakin babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a ka ƙirga motocin da ke shigowa da lambobinsu, za ka samu amsarka da idonka.

Ta biyu daga wata Hajiya mai sayar da atamfa a Damagaram:

"Kawu ina gaisuwa. Ni a Maradi nake sarin kaya shekara da shekaru, amma tun da aka rufe iyaka kasuwa ba ta koma daidai ba. Ana ta maganar jirgin ƙasa daga Kano, shin in ya zo zai gyara mana ko kashe mu zai yi?"

Hajiya ina amsawa, Allah ya sa albarka a nema. Wallahi tambayarki ta taɓa ni don abin da ke cin raina kenan shekaru.

Rufe iyaka ba yau muka fara ganinshi ba. An rufe a 1984 zamanin mulkin soja na Buhari, ba a buɗe ba sai 1986, ga shi ya haɗu da yunwa, tsofaffi har yau suna kiran wannan shekara da sunanshi. An sake rufewa daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, Sedeyawo, ta sa mana takunkumi, aka rufe boda aka kuma yanke wuta, ke kin sani tunda layin da ke ba mu kuran daga Katsina ya biyo ta Gazawa shi ne ke kai muku Damagaram. Ni ina da ƙanwa a unguwar Zariya da ke riƙe da marayu huɗu da sana'ar ƙanƙara da lemun ɗauri, firji biyu gare ta, a watannin nan na ga yadda ta zauna tana kallonsu ba abin da za ta iya, sai da ta saida guda ta sayi hatsi. Ba ta san Abuja ba, ba ta san abin da aka tattauna a can ba, amma a tukunyarta abin ya sauka. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, sai dai hanyar Kwatano da taranzit ya dogara da ita ba ta koma yadda take ba, kaya sai sun yi zagaye mai nisa, kuɗɗin mota ya hau, shi ya sa kika ga turmin da kike sara jiya yau ya fi ƙarfin mai saye. Ga naira kuma da ta faɗi, Bakano ko Bakatsinen da ke zuwa da ita ya sari kaya nan in ya je wurin 'yan canji sai ya ga abin da ke hannunshi ya narke. Ko 'yan ruwa-ruwa masu saida esansi a kwalba bakin titi, tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 sana'arsu ta shiga wani hali.

To jirgi. An aza tubalin aikin a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil aka ba, tsawonshi kilomita 284, daga Kano ya biyo Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya ya ƙare Maradi, kuma Najeriya ce ta ɗauki nauyin kuɗɗin, wajen dala biliyan 2 na Amurka. Su lissafinsu shi ne kayan Nijar su riƙa bi ta tashar ruwa ta Legas maimakon Kwatano da Lome. Ni ina son jirgin ga ya zo, ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da zan ji kukanshi a garin ga. Siminti da taki da ƙarfe za su sauka da sauƙi, dabbobinmu da wake za su isa kudu ba tare da sun kwana bakin shingaye ba.

Amma Hajiya ba zan ɓoye miki ba, jirgi hanya ce kawai, abin da ka zuba mishi shi zai ɗauka. In ya zo ya tarar da mu yadda muke, zai shigo cike da kayan kamfanonin Kano da Legas ya koma da ɗanyen kaya, aya a buhu, riɗi a buhu, fata da gashinta, kuma ɗan ribar da dillali da direba da ɗan dako ke samu a tsakani ita ma ta ragu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne garin da ya tara masu kuɗɗi haka amma masana'antunshi ba su taka kara sun karya ba. Muna da matatar man gyaɗa tun zamanin Turawa, muna da wurin jima, to ina saura? Kuɗɗin Alhazai ya fi son kaya mai juyawa cikin wata guda, ya fi son fili da bene da mota, ban ce laifi ne ba don mutum da guminshi ya samu, kuma wanda zai kafa injin dole ya tambayi ina wutar da zai tayar da shi, wannan tambaya ce ta gaskiya. Amma muddin arzikin gari a kan wucewar kayan wasu yake, to makullin shagonmu na aljihun wani, ran da ya ga dama ya rufe. Ke dai kada ki bar sari nan, amma ki riƙe hanya biyu, ki kuma rage ba da bashi mai tsawo har abubuwa su daidaita.

Ta ukku daga wani saurayi ɗan ƙasar Tasawa da ke ci-rani a Aljeriya:

"Kawu ku 'yan birni kullum Maradi Maradi, mu 'yan ƙauye da ke noma abin da kuke saidawa mi muka samu? Ni dai ban ga abin da ya tsaishe ni gida ba."

Ƙanena Allah ya tsare ka inda kake ya maido ka gida lahiya. Maganarka akwai gaskiya a ciki kuma ba zan kare birni ba. A 2005 da aka yi matsalar abinci, jihar ga da ake kira rumbun ƙasa ita ce ta cika da yara masu tamowa a wuraren jinya, alhali hatsi na nan a kasuwa, kuɗɗin saye ne babu. Manomi ya saida gero da kaka da araha don biyan bashi da biki, ya dawo da bazara ya saye shi ninki daga hannun wanda ya ɓoye. Gonaki kuma sun tsuke, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta. Ga kuma 'yan bindiga da suka addabi ƙauyukan bakin iyaka wajen Madarunfa da Gidan Runji, inda tun 2019 dubban 'yan'uwanmu daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka gudo, talakawan ƙauye ne suka fara buɗe musu gida kafin kowace ƙungiya ta iso.

Amma kada ka ce ƙauye bai da abin alfahari. Sassabin zamani da duniya ke zuwa koyo yau, wato manomi ya bar kututturen da ke tohowa a gonarshi ya gyara shi ya zama itace maimakon ya ƙone, a ƙasar Maradi aka fara shi wajen 1983 tare da wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, kuma manoma ne suka ɗauke shi suka yaɗa gona zuwa gona, je ka Ɗan Saga a ƙasar Agiye ka ga gawo da kalgo da sabara inda da hili ne fetal. Jar akuyar Maradi da fatarta ta yi suna har Turai, wadda ke haihuwar tagwaye ta riƙe gida da nono, matan ƙauye ne ke kiwonta. Ayar da ake lodi daga Cadawa da Agiye da Gazawa, zogalen Jiratawa da ke cika kasuwa, duk hannunku ne. Ko Kantu da ya fara ɗaukar takobin kokowa na ƙasa a 1975, wanda filin kokowar garin ga ke ɗauke da sunanshi, kokowar ai a dandalin ƙauye bayan girbi ake koyonta.

Abin da nike so ka yi, in Allah ya ba ka ɗan abin da ka tara, kada ka zuba shi duka a mashin na kabu-kabu ka zo birni ka ƙara cunkoso. Ku haɗu ku biyar ko goma 'yan garinku ku sayi hatsi da kaka ku aje a rumbu guda, ko ku sa injin matsar mai ko na niƙa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da aka buɗe nan a 2010 tana da sashen aikin gona, yaran da ke fitowa daga can da yawansu 'ya'yan manoma ne kuma suna neman wanda za su yi aiki da shi, ku neme su.

Ta ƙarshe daga wata amarya, Bakatsina:

"Kawu an ɗaura min aure da ɗan Maradi, wata mai zuwa zan tare a unguwar Ali Ɗan Tsoho. Tsoro nake ji, ban iya Faransanci ba kuma ban san kuɗinku ba."

Ɗiyata Allah ya sa alheri ya ba da zaman lahiya da zuri'a ɗayyiba. Ki kwantar da hankalinki, gida kika baro gida za ki zo, Hausar da kike yi ita uwar mijinki ke yi, tuwo guda fura guda, ko agogonki ba sai kin canza ba. Faransanci sai a takardar gwamnati da lakwal, wato makarantar boko, a kasuwa ba mai tambayarki shi. 'Yan kalmomi ne za ki tsinta a hankali, in an ce likita to asibiti ake nufi ba mutum kaɗai ba, kuran wutar lantarki ce, gudro kwalta, mushe malamin makaranta.

Kuɗɗi ne kawai sai kin natsu, don mu ba da lambar da ke jikin takarda muke ƙirga ba, da dala muke yi, kuma dala guda sefa 5 ce. In mai tumatir ta ce miki dala ashirin to ƙwandalar da aka rubuta ma 100 take nufi, dala hamsin 250, dala ɗari ita ce 500, jikka guda kuma 1000. Duk abin da aka faɗa miki da dala ki ninka shi sau biyar shi ne abin da za ki gani a rubuce. Satin farko ki tahi cefane da ƙanwar mijinki ki bar ta ta yi ciniki kina kallo. In kin kwana biyu kin huta ki ce ma angon ya kai ki tabkin Madarunfa ki ga ruwa ki ci kifi, daga can ma kin kama hanyar gida, in kewar su Inna ta taso ki ku wuce ta Ɗan Isa, da hantsi kina Katsina.